Terabait 16 da noti guda

Kun dai san tun da Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka a watan Yunin 2021 gidanmu bai sake zama lafiya ba. Gigabait 15 ɗin da ake ba kowa, Maman yara ta cinye nata da bidiyon biki ɗaya, ta dawo kan nawa, daga nan aka faɗa na Hajiya. Ni kuma na rantse ba zan riƙa biyan haya duk wata saboda hoton ankon da aka riga aka sa har ya koɗe ba. Na ce saba zan haɗa a gida, wato kwamfutar da za ta zama rumbun ajiyar kowa, kowa ya zuba kayansa a huta.

Maganar injin farko ba zan ja ta ba, 'yan layinmu sun ji ta da kunnensu. Dell PowerEdge R710 ce, tsohuwar saba ta kamfanoni ƙirar 2009, na same ta a hannun wani mai kwashe kayan ofis, kuɗinta bai kai na wayar hannuna ba. Mu biyu muka kinkimo ta. Abin da masu bidiyon YouTube ba sa faɗa shi ne su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke ajiye tasu, ni kuwa ciki da falo gare ni. Da ka kunna ta, fankokin cikinta duka suke tashi da iya ƙarfinsu kafin su lafa, lafawar ma sai ka ɗaga murya ake jin ka. Da safe wata yarinya ta yi sallama da robar tattasai, wai an ce mata a nan aka kafa sabon injin markaɗe. Ga cin wuta. Mita ta nuna wajen wat 200 tana zaune ba ta aikin komai. Batiran sola biyu gare ni masu 200Ah a volt 12, a lissafi wat-awa 4,800 ke nan, kuma rabi ake taɓawa in ana so su yi ƙarko. Wat 200 sau awa 12 na dare ya ba ka 2,400 cif, wato rabon fanka da firij da cajin waya duk ta haɗa ta lashe, a tsakiyar zafin Afrilu. Maman yara ba ta ce uffan ba. Ta dai tashi cikin dare ta zare soket ta koma ta kwanta.

Na rabu da ita na ɗauko kwamfutar tebur ta Dell OptiPlex tokumbo, i5, RAM gigabait 16, mai wurin ɗaura faifan ajiya biyu a ciki, ba ƙara ba hayaniya. Wannan shawarar Injiniya ce, mai shagon gyaran kwamfuta, kuma a nan ya yi daidai.

Saura wurin ajiya. Injiniya ya ce in nemi faifai biyu masu terabait 4, wato gigabait dubu huɗu-huɗu, ɗaya ya riƙa kwafar ɗaya. Ni kuma a daren na ci karo da talla a intanet: SSD na waje, wato ma'ajiya mai sauri da ake jonawa da kwamfuta, terabait 16, bai cika tafin hannu ba, kuɗinsa bai kai na faifai ɗaya daga cikin waɗanda Injiniya ke faɗa ba. Mai shi ya ce kwantena ce ta iso ana neman kuɗin fito. Ɗan acaɓa ya kawo mini har ƙofar gida, kwali mai sheƙi, da nauyinsa a hannu. Na juye masa bidiyoyin bikin autarsu Maman yara kaf, daga kamu har kai amarya, na ce mata ta goge na wayarta ta sha iska. Ta ce to.

Bayan la'asar na ɗauke shi na nufi shagon Injiniya. Ba gyara ya kai ni ba, so nake ya gani da idonsa cewa ba shi kaɗai ya san kasuwa ba. Na tarar da majalisa ta cika: shi, da yaran shagonsa biyu, da Yaya, wato yayan Maman yara, wanda ban san me ya kawo shi unguwar ba a ranar, sai kuma Alhaji na kan kwana a kujerarsa ta roba. Na ajiye abin a kan tebur a hankali, na ce, “Injiniya, naka huɗu-huɗun nan a ajiye wa yara. Ga sha shida.”

Ya ɗauka, ya jinjina shi a hannu, ya girgiza shi a kusa da kunne. Ya jona a kwamfutarsa. Ta nuna 15.2.

Ya ce, “Oga, na gaske mai terabait 16, Windows 14.5 take nuna shi. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirge, ita da 1,024.”

Na ce, “To ai ka ga gyara aka yi mini.”

Yaya ya yi murmushi. Alhaji ya ce, “Nawa ka saya?” Na yi kamar ban ji ba.

Injiniya ya buɗe bidiyon farko, ya yi. Ga amarya, ga 'yan kamu, har Yaya ya hango kansa a baya yana cin shinkafa. Na gyara zama. Na biyu ma ya yi. Ya gangara can ƙasa ya danna na walima, sai baƙin allo. Na kai amarya, baƙin allo. Sunan yana nan, girman yana nan a rubuce, ciki babu komai. Na ce manhajar kallonsa ce ta tsufa. Ya buɗe da VLC, shiru. Na ce wayar jonawar ce. Ya sauya. Na ce to kwamfutar ce, ai dama tun bara nake gaya masa tana da ƙwayar cuta. Bai musa ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ya dai jawo fayil ɗaya ya tura ciki, muka zuba wa allo ido: megabait 10 a daƙiƙa, wani lokaci ya sauka ƙasa da haka. SSD ke nan fa, wanda ko na talaka yana yin ɗaruruwa.

Ya ce akwai wata 'yar manhaja, H2testw, da take cika faifai da rubutu har baki sannan ta dawo ta karanta ta ga me ya zauna. “Amma da wannan gudun, Oga, sai mun yi kwana 18 a nan kafin ta gama rubutun kaɗai. Ko kuma a miƙo sukudireba.”

Alhaji ya ce, “Nawa ka ce ka saya?”

Na ce, “Alhaji, ban ce ba.”

Ba ma sukuru ɗaya a jikinsa da za a kwance, ɓamɓare shi aka yi. Murfin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci, ƙaramin yaron ya sunkuya ɗaukowa, kuma na lura ya daɗe a can ƙasa fiye da yadda ɗaukar murfi ke buƙata, kafaɗunsa na rawa. Duk muka leƙa. Wani ɗan allo ne kore wanda bai kai ɗan yatsa ba, an soka masa memori irin wanda ake sa wa waya, an malale shi da gam ɗin kyandir. A gefe kuma, cikin nasa tafkin gam ɗin, noti. Notin ƙarfe sosai, da tsatsarsa. Shi ne nauyin da na jinjina a ƙofar gida na ce wa ɗan acaɓa, “Ka ji kaya.”

Ba wanda ya yi magana. Ina jin rediyon mai shayi daga tsallaken titi. Injiniya ya sa farce ya zaro memorin, ya duba a wata na'ura, ya ce gigabait 64 ne, ɗaya bisa 250 na abin da ke jikin kwali. Wai ɗan allon ne aka koya wa ƙarya: ya gaya wa kwamfuta yana da wuri, ya karɓi duk abin da ka ba shi, ya rubuta sunan a jeri, abin da ya wuce cikin memorin kuma ya zubar. Yana wannan bayani da muryar nan tasa ta malamin makaranta, yana nuna notin da bakin sukudireba, alhali notin ba ya cikin bayanin. Yaya ya cire hula ya mayar, ya ce, “Allah ya mayar da alheri.” Da ya yi dariya da ya fi mini sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, “Bidiyon namu dai suna wani wajen ko?” Na ce ƙwarai kuwa, da ƙarfin murya, ina ji gumi na bin bayana.

A nan Alhaji ya miƙo hannu ya ɓanɓaro notin. Ya goge shi a gefen riga, ya ɗaga shi sama yana leƙa ramin da ido ɗaya, ya ce, “Sha bakwai ne. Zai shiga baro na.” Ya jefa a aljihu.

Ku tsaya in gaya muku wani abu game da Alhaji, don na gaji da ana cewa dattijo ne a ƙyale shi. Mutumin nan tsanina yana gidansa tun lokacin da aka sa mana sola. Ya aiko a ara masa na yini ɗaya zai gyara indararo, yau an yi damina nawa, har fenti ya yi masa, in na wuce ina hango shi jingine da katangarsa, shuɗi. Na aika yaro, ya ce a gaya mini ana kan aiki. Bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba, amma ba a taɓa sauke kwali a layin nan bai zo ya tambayi kuɗinsa ba, kuma duk abin da ka faɗa sai ya ce an cuce ka, ɗan ƙaninsa ya sayi irinsa rabin haka. Wannan ɗan ƙanin nasa ba wanda ya taɓa ganinsa. Lokacin babbar sabar ma shi ya aiko yarinyar nan mai tattasai, daga baya na gano. To yanzu ga shi ya tashi da kashi mafi amfani na kayana. Na ce, “Alhaji, ai da an bar mini, zan mayar wa mai shi.” Ya ce, “Ɗana, araha ba ta ado. Kai me za ka ɗaure da shi?” Ya sake tambayar nawa na saya, karo na ƙarshe, a hankali, kamar mai jaje. Ban faɗa masa ba, ku ma ba zan faɗa muku ba.

Lambar mai kwantena a kashe, ba sai na ce ba.

Na shiga gida ina shirya yadda zan fara zancen, na tarar Yaya ya riga ni ta waya. Maman yara tana yanka alayyahu, ba ta ɗago ba ta ce, “Abban yara, ban goge ba.” Suna wayarta, suna filas ɗin da ke cikin jakar kayan kwalliyarta, sannan ta tura wa ƙanwarta da ke aure a Kaduna. Da na gaya wa Injiniya sai ya ce wannan ita ce ƙa'idar da ake kira 3-2-1, kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wajen gida, kuma kamfanoni kuɗi suke biya a koya musu. Ya ce in miƙa mata sabar kawai.

Faifan gaske tare muka je saye, ya hana ni buɗe baki. Na farkon da aka miƙo mana wai sabo dal a leda, ya jona ya buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, awannin aikinsa sun haura 41,000. Shekara awa 8,760 ce, ku yi lissafin, ya kusa shekara biyar yana juyi a wani wuri. Mai shagon ya ce agogon ne ke gudu. Wani kuma lafiyarsa ta nuna ruwan ɗorawa, ya fara sauya wa gurabun da suka lalace wuri, aka ajiye shi. Sannan ya tsaya sai ya duba lambar kowanne ya tabbatar tsarin rubutun faifan CMR ne ba SMR ba. Su SMR layukan rubutunsu hawa kan juna suke yi kamar kwanon rufi, in za ka taɓa ɗaya sai ka ɗaga na kusa da shi, don haka in aiki ya yi yawa, musamman ranar da faifai ɗaya ya mutu ana sake kwafe komai a kan sabo, sai su yi ta jan ƙafa. Ya ce a 2020 an yi ta surutu da aka gano kamfanin Western Digital na sa irin wannan a cikin wasu faifansa na WD Red ba tare da ya rubuta ba, har daga baya ya ware masu CMR ya kira su Red Plus. Duk wannan a tsaye ya karanta mini, a gaban mai shago, kuma ya rufe da cewa, “Waɗannan dai in ka girgiza ba noti.” Mai shagon ya nemi a ba shi labari. Aka ba shi.

Yanzu tana ƙarƙashin teburin talabijin tana aiki, da manhajar ajiya ta TrueNAS a kai, faifai biyu masu terabait 4 suna kwafar juna, duka-duka ba ta shan wat 40. Da na nuna wa Maman yara, ta ce huɗu da huɗu ai takwas ne, me ya sa take ganin uku da ɗigo shida? Na fara bayanin kwafi da na 1,024, ta ce, “An kuma ke nan,” ta tafi kicin. Hajiya kuwa na sa mata manhajar a waya na nuna mata inda za ta danna, har yau ta WhatsApp take turo mini hotunan ta ce in ajiye mata. Ƙurar hunturu ta fara, Injiniya ya ce in ɗaga injin daga ƙasa in kafa masa katako can sama a bango. Sai da tsani ke nan.