"A bar shi tukuna" ba ya nufin lafiya ƙalau

Tun ranar da likita ya ce kada a taɓa kan ɗan yayata, gidanmu na nan Jidda ya rabu biyu. Yaya ta ce don mu ba 'yan ƙasa ba ne aka ƙi yi masa aiki. Kawu kuwa cewa ya yi, "Tunda ba su yanka ba, ai ba wata cuta ba ce." Ni dai a ganina dukansu sun kauce hanya.

Shekarar yaron 24. Ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, sai da aka yi mako biyu ana ruƙiyya kafin a yarda a ɗauki hoton MRI. Abin da aka gani likitoci suna kiransa AVM, wato jijiyoyin jini da suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwa. Jinin da ya taso daga zuciya da ƙarfinsa yana afkawa kai tsaye cikin jijiyar da ke mayar da shi, bai bi ta ƙananan hanyoyin da ke rage masa ƙarfi ba. Wata rana bangon jijiyar yana iya fashewa.

Kawu, ga lissafin. Wanda tasa ba ta taɓa fashewa ba, haɗarin zubar jini wajen kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne a shekara. Kaɗan ne a kunne. Amma ɗauki kashi 2 ɗin ka bi shi shekara 40, sai ka ga ya haura rabi. Dattijo mai shekara 70 yana iya kwana da wannan lissafi, saurayin da ko aure bai yi ba fa? Idan kuma ta taɓa fashewa, ko tana can ƙurya cikin ƙwaƙwalwa, haɗarin ya fi haka.

Yaya, ke ma ki ji. A 2014 an fitar da sakamakon binciken ARUBA kan mutum 223 da tasu ba ta fashe ba. Cikin ƙasa da shekara uku, shanyewar jiki ko mutuwa ta ninka kusan uku ga waɗanda aka yi wa aiki, idan aka gwada da waɗanda aka bari da magani. An soki binciken cewa lokacin ya yi gajere, kuma na yarda da sukar, amma likitan ba daga son ransa ya yi magana ba. Ko hasken Gamma Knife da ake ta yabo, wato hasken da ake harba wa jijiyoyin ba tare da an buɗe kai ba, sai ya ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin jijiyoyin su toshe, kuma a tsakanin nan haɗarin yana nan.

Yanzu dai yana shan maganin farfaɗiya, na kuma karɓe makullin motar, har yau yana fushi da ni. Wata mai zuwa za mu kai hoton wurin likita na biyu, mu ji takamaiman inda abin yake, da girmansa, da kuma ko wuƙa za ta iya kaiwa can ba tare da ta taɓa maganarsa ko hannunsa ba.