Furar Kawu da ta sha fetur

Kawuna ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya kafa fanka da ƙaramin firji. A ƙarƙashin gadon ya ajiye batura biyu masu bolt 12, kowanne amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka), da inbata mai mayar da wutarsu irin ta gida. Tun da ya gama wannan aiki ya hana kowa sakat a majalisarmu ta Agege a Legas, wai shi da wutar gwamnati haihata-haihata, ko a tsakiyar daji zai kwana da fanka. Ni aka zaɓa in raka shi gwaji, don ni ne ba ni da mata balle ta hana.

Muka bi hanyar Lekki zuwa Epe, muka sha cunkoson Ajah, muka karya ta Eleko har bakin teku, inda babu turken wuta ko ɗaya. Da magariba inbata ta fara ƙara, tsit-tsit. Mita ta nuna 12.1, wato batura sun yi rabi, domin cikakken batir da ya huta 12.6 ko 12.7 yake nunawa. Ashe tun daga gida firjin ke zuƙa, an cika shi da fura da nono.

Kawu ko a jikinsa. Ya sauko da janareto, ɗan ƙaramin nan na masu aski, wanda sai an gauraya masa fetur da baƙin mai. Ya nuna min wani ɗan soket a gefe da aka rubuta bolt 12 a kansa.

"Ka ga nan, yaro? Kai tsaye zuwa batir. Masu sayen caja asarar kuɗi kawai suke yi."

Na ja igiya har kafaɗata ta fara zafi. Muka kwance fulogi, Kawu ya hura shi, ya goge da gefen rigata, ba tasa ba, sannan inji ya tashi. Rigima ta farko a kan wurin ajiye shi muka yi. Kawu yana so a kusa da ƙofa don kada a sace, ni kuma na ce hayaƙin janareto yana kashe mutane cikin barci, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Aka kai shi nesa, bayan iska, aka jona dogayen wayoyi, ja a kan ƙari, baƙa a kan ragi. Sai dai fa dole wani ya zauna gadinsa. Kun san wanda aka ba wannan sarauta.

Sauron bakin teku ba ya san wasa. Ina zaune a kan galan, ina marin kaina, daga cikin mota ina jiyo minsharin Kawu da kaɗawar fanka. Can cikin dare tanki ya ƙafe, na sake cikawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane ɗigo da ya zuba a yashi sai na ji shi a ƙirjina. Ga matatar Dangote can gaba da mu, wadda aka gina don tace gangar mai 650,000 a rana, ni kuwa ina jijjiga galan ina sauraron abin da ya rage.

Da asuba Kawu ya duba mita ya ga 13, ya yi hamdala da ƙarfi. Muka kashe inji, muka yi salla. Kafin mu shafa addu'a mitar ta koma 12.1, daidai inda muka baro ta jiya.

Wani maigadi Bakano da ke tsaron gini a kusa ya zo gaishe mu, wai ƙarar injinmu ta hana shi runtsawa. Ya durƙusa ya bi wayoyin da ido, ya leƙa firji, ya danne dariya.

"Alhaji, wannan soket ɗin amfiya 8 yake bayarwa, in ya yi ƙoƙari. Baturanku na neman amfiya-awa 100 kafin su cika, wato sama da awa 12 ke nan ko da ba a kunna komai ba. Ga dogon waya ya cinye wani abu a hanya, ga firji da fanka suna kwashe sauran. Ai kun kwana kuna zuba ruwa a kwando."

Kawu ya ce to 13 ɗin da ya gani da idonsa fa? Maigadi ya ce duk batirin da ke kan caji, ko aka cire yanzu-yanzu, haka yake nunawa, sai ya ɗan huta yake faɗin gaskiya. Ya ƙara da cewa soket ɗin bai san batir ya cika ba, in aka manta da shi sai ruwan batir ya tafasa ya ƙone.

Ya koma ya ɗauko cajar masu aikin gini mai amfiya 20, ya soka a babban soket ɗin janareton mai ba da wuta irin ta gida, ya cire firji da fanka, ya buɗe ƙofofin mota don iskar da batir ke fitarwa ta fice. Ya ce mu ba ta awa biyar zuwa shida. Na karɓi aron galan ɗinsa na taka har bakin titi neman fetur, da kuɗina, domin Kawu ya ce nasa suna cikin waya, waya kuma babu caji.

Da na dawo rana ta take, firji ya huce, fura ta kumbura har ta ɗaga murfin roba, tsaminta ya cika motar. Na ɗauka zan kai wa kifi, Kawu ya riƙe min hannu.

"Ajiye ta nan. Furar da ta sha min lita 8 na fetur, wallahi ba mai zubar da ita. Miƙo ludayi, kai ma ɗauko naka."