Kwamfuta Ashirin da Hitar Baba Mai Gadi

(Ofishin hedimastan wata ƙaramar firamare a bayan garin Sakkwato, watan Afrilu. Kwamitin makaranta na zama. Fanka a tsaye, kowa na fifita da littafin rajista. Baba Mai Gadi na bakin ƙofa da kofin shayi.)

ALHAJI: Ni dai na gama magana. Kwamfuta ashirin, masu babban akwati, tokumbo daga Legas. A rubuta sunana ga kowace, a kira 'yan jarida.

HEDIMASTA: Allah shi ƙara arziki, Alhaji. Guda dai a aje ta nan ofis, don tsaro.

MALAMIN LISSAFI: Ranka shi daɗe, mi za su ci?

ALHAJI: Ci? Dawaki na aka ce maka?

MALAM: Sun ɗara doki ci. Mai akwati da allonta tana jan wat 150 zuwa 200, ashirin ke nan wat 3,000 zuwa 4,000. Mu ko rabonmu da wuta tun da iska yat tsinke waya. Laftof wat 60 ya ishe ta, ga batirinta ciki. Goma muka buƙata, yara uku-uku ga kowace.

ALHAJI: Laftof ba ta cika hoto.

MALAM: Amma tana kunnuwa. Goma, wat 600. Fanka biyu, 150. Jimla 750. In munka yi awa huɗu ga yini, wat-awa 3,000 ke nan. Allon sola huɗu masu wat 300, inbata mai kVA 1.5, na'urar daidaita caji, da batir biyu masu bolt 12, amp 200, a haɗa su su ba da bolt 24.

HAJIYA: Batir biyu kaɗai?

MALAM: Da rana muka karatu, Hajiya, rana ce ka ɗaukar kaya. Batir na jiran hadari da hazo. Kuma rabinsa aka sha, in an tatse shi ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Zafin Sakkwato ma ya ishe shi azaba, don haka ɗaki mai iska, ba ƙarƙashin kwano ba. Duk wata a duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwa, wanda aka ce ma distil.

BABA: Ga rijiya nan.

MALAM: Baba, ruwan rijiya na da gishiri, shi ka kashe faranti na ciki. Aikinka shi na goge allon sola da sassafe kafin shi yi zafi, don ƙurar hunturu na toshe shi.

HEDIMASTA: To kuɗɗin fa? A aza ma kowane yaro ɗari biyar.

HAJIYA: Haba Hedimasta! Uwar da ta aiko yaro da karin kumallon naira hamsin?

MALAM: Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta na. UBEC kuma, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ba ta aiko ma makaranta tallafinta na haɗin gwiwa kai tsaye: jiha ka aje nata kaso daidai da na tarayya, kuɗɗin su bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Mu namu, kwamiti shi zauna shi rubuta matsaya, a samo farashi daga 'yan kasuwa uku, a kai takarda ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kafin amsa ta zo, a nemi tsoffin ɗalibai, kuɗɗin su shiga asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku.

HEDIMASTA: Aljihuna ya fi banki kusa.

HAJIYA: Shi ya sa.

MALAM: Kuma kada a kashe duka ran sayayya. Ƙofar ƙarfe da ƙarfen taga tukuna, sannan kaya su shigo. A ware na gyara, da na sauya batir bayan 'yan shekaru, da na data.

ALHAJI: Data kuma? Ba sau guda aka saye ba?

MALAM: Awa hatsi take, Alhaji, duk wata. Amma akwai manhajar Kiwix, kyauta ta: a sauke Wikipedia sau guda, yara su karanta ba intanet. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba shi ka zuwa jarrabawar JAMB hannu na rawa, ga ta duk da kwamfuta aka yin ta tun 2015.

BABA: Malam, wanga soket na ɗakin, da dare ba kowa ko?

MALAM: Mi kaka nufi?

BABA: Hitata. Shayi ukku nika dafawa kafin asuba.

MALAM: Hita na jan wat 1,500 zuwa 2,000! Ta fi ƙarfin inbatar gaba ɗai. Kana jona ta, ta yi ƙara ta ɗauke.

BABA: To ku zaɓa. Ba shayi, barci. In na yi barci, laftof goma su yi ƙafa.

(Shiru.)

HAJIYA: Malam, rubuta: gawayi buhu guda duk wata.

MALAM: Ƙarƙashin wane kashi?

HEDIMASTA: Kayan fasaha.

ALHAJI: Wanga ni ka biya. A rubuta sunana ga buhun.