Kasken Kawu

Ranar auren abokina nan Tawa na ce wallahi yau sai 'yan matan korteji sun san da ni. Wata ukku ina koyon ɗaga gaban moto bayan filin kokowa, da Kasea ta yayana wadda ko madubi babu.

Inna ta ce in dai wasan moto za ni, ba na fita gidanta sai da hular kwano. To ni ina na ga kaske? Sai na tahi wajen Kawu, ya ɗauko mini wanda ya taho da shi daga Abijan, ƙato kamar tukunyar biki, kuma maɓallin igiyar haɓa ya karye tun tuni. Na cusa tsumma ciki don ya zamna, na aro jaket ta fata da safar hannu, cikin watan Afrilu fa, zafi ya wuce digiri 40, kahin mu kai gudron gumi ya jiƙe ni har wando. Ƙafa kuwa silifa ce, ita ban tuna da ita ba.

Duk mai wasan nan ya san in gaba ya tashi, ƙafar dama na bisa birkin baya, shi ke maido ka ƙasa in moto ya so kifewa. Ni ma na sani. Amma da na ja wuta gaba ya tashi, mata suka ɗau guɗa, sai kaske ya zame ya rufe mini ido ruf, duhu kamar an ɗauke wuta, ƙafa ta shiga laluben birki ta dafe salansa mai zafi. Ihun da na yi cikin kwanon nan ni kaɗai na ji abuna.

Kaske ya riga ni sauka. Shi ya yi gabas yana gangarawa yara na bi kamar balo, ni na yi yamma cikin yashi, silifa guda har yau ba a gan ta ba.

Da dare ina kwance ƙafa a naɗe, Kawu ya shigo, na gyara murya zan amsa sannu.

"Kai ɗan nan, ina hulata?"

Ya jujjuya ta gaban fitila, ya ce kasken da ya bugi ƙasa ya gama aiki, soson ciki ya riga ya matse ko da waje bai fashe ba.

"Amma Kawu, ai babu kaina ciki sadda ya faɗi."

"Shi ya sa jika goma kawai za ka biya."