Ya tashi yana tahiya amma lissahi bai dawo ba

Jama'a akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kan yadda muke auna sauƙin mai shanyewar ɓarin jiki a gida Sakkwato. Mu dai in mutum ya miƙe, baki ya buɗe, shi ke nan sai barka da arziki, a maida shi rumfarshi ta kasuwa.

Nan Ingila inda nike aikin kula da majinyata ba a tsayawa nan. Sai ma'aikaciya ta zube ma mutum tsabar kuɗi bisa tebur ta ce ya biya kuɗin burodi ya ƙirga canjinshi, ko a ce ya riƙa cire 7 daga 100. Na ga dattijon da ke hira garau, ya san sunan jikokinshi duk, amma 93 ta gagare shi, sai juya kuɗin yake a tahin hannu yana murmushin kunya.

Ba hauka ba ne kuma ba tsuhwa ba. Galibi ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, sama kaɗan da bayan kunne, in jijiyar jini ta toshe ko ta hwashe, hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, haka buguwar kai irin ta hatsarin kabu-kabu ba hular kwano. Wani likitan Austriya, Josef Gerstmann, ya nuna matsalar kasa lissahi kan zo tare da kasa rubutu da rikita dama da hagu da kasa bambance yatsun hannu.

To a gida hwa? Alhaji ya koma shago, wanda ya ba da dubu ya karɓi canjin dubu biyu, jari na zurarewa, sai a ce yaron shago ɓarawo ne ko kuma an sa ma Alhaji hannu, a dinga yawon neman makari. Ko raka'a ta riƙa kuɓuce mishi a sallah ya yi shiru don kunya.

Gaskiya wajen jinya mun hi su mutane, nan Ingila tsoho sai ya wuni shi kaɗai. Amma wanga gwaji ai ba sai da na'ura ba. Kahin ku miƙa mishi makullin shago, ku ba shi dubu ɗaya ku ce kun sayi kayan 650, in ya tsaya kame-kame ku gaya ma likita, a sa wani ɗa nashi ya riƙe aljihun tebur tukuna.