Garin neman gira na rasa pacman

A watan Nuwamba na 2022 Arch Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata, ta koma sigar 3 ta OpenSSL, kayan tsaron bayanai da manhajoji da yawa ke dogaro da shi, ni kuwa na yi wata uku ban sabunta kwamfutata ba, saboda rowar data. Wata 'yar manhaja nake so in saka. Ka'ida ita ce a rubuta `pacman -Syu` (pacman shi ne mai saka manhajoji da sabunta su a Arch), a sabunta komai a tare. Sai na ce me zai sa in sauke kaya niƙi-niƙi a kan abu ɗaya? Na cire `u`, na rubuta `pacman -Sy` da sunan manhajar. Harafi ɗaya tak!

Ashe `y` jerin sunayen kaya kawai yake sabuntawa, `u` ne ke sabunta kayan da ke kan kwamfutar. Manhajar tawa an gina ta ne da sabon OpenSSL, don haka pacman ya jawo shi ya ɗora a kan tsohon. Ya nuna mini a allo, ya tambaye ni. Na danna Y ko kallo ban yi ba. Nan take `libcrypto.so.1.1`, fayil ɗin tsohon OpenSSL, ya yi ɓatan dabo, `libcrypto.so.3` ya gaje gurbinsa, alhali duk tsoffin manhajojin tsohon suna suka sani, shi suke kira.

Na ce to, bari in gyara da pacman. Ya ce bai ga `libcrypto.so.1.1` ba, ba zai tashi ba. Wato likitan ma yana kwance. Na kira `sudo`, mai ba da ikon shugaban kwamfuta, shi ma haka.

Sai dabara ta zo mini, irin ta ƙarfe ɗayan dare. Na shiga a matsayin shugaban kwamfuta da `su`, na yi `ln -s` na laƙaba wa sabon fayil sunan tsohon, kamar wanda ya sa wa baƙo hular maigida. Pacman ya leƙa ciki, ya nemi alamar tsohuwar siga, `OPENSSL_1_1_0`, bai samu ba, ya koma ya kwanta.

Da asuba na ari filashi mai Arch a ciki. Na tayar da kwamfutar daga shi, na haɗa intanet, na ɗora faifan kwamfutar da `mount /dev/sda2 /mnt`, na ɗora ɓangaren `/boot` shi ma don kernel, wato zuciyar Linux, zai sauya, na goge waccan hular da na ƙirƙira, sannan na sa pacman na filashin ya yi aikin: `pacman --sysroot /mnt -Syu`.

Ya shiga sauke duk abin da na guje wa, bai tsallake ko ɗaya ba. Saura fayil biyu datar ta ƙare.