Na cinye sulusin numfashina daren jiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na ji kunyar kaina a cikin sahu, kunyar da ta hana ni barci har sai da na ɗauki waya na fara wannan rubutu.

Bayan Magariba aka kira mu walima a unguwar Mabera, nan cikin Sakkwato. Tuwon shinkafa da miyar taushe, ga balangu, ga lemo mai sanyi, aka kuma biyo da fura da nono. Na ƙoshi tun a kwanon farko, Allah Ya sani na ƙoshi, amma hannu ya ƙi tsayawa. Da aka tayar da sallar Isha'i na zo ruku'u sai na ji ciki ya tokare ni. A sujada ƙwarnafi ya taso mini har maƙogwaro. Liman yana karatu, ni kuwa ina lissafin yadda zan danne gyatsa kada in cuci na kusa da ni. Wani dattijo da ke damana, wanda a haife ya haife ni, yana miƙewa daga sujada cak kamar saurayi, ni sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Da aka sallame ya dube ni ya ce, "Ɗana, lahiya dai? Na ji kana ta nishi kamar wanda ya ɗauko buhun gero." Na ce lafiya lau, Baba. Ƙarya na yi.

Da na koma gida na tarar da ƙanena, wanda ke karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na ba shi labari ina ɗan dariya don in rage wa kaina nauyi. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, ka taɓa lura cewa Allah Ya sa ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon ƙashi, Ya kewaye zuciya da huhu da haƙarƙari, amma gaban ciki babu ƙashi ko ɗaya?" Na shafa, haka ne kuwa. Daga ƙarshen ƙirji har mara tsoka ce kawai ke tsare da hanji da tumbi da sauran kayan ciki. An bar wurin da taushi don mu iya sunkuyawa, mu iya numfashi, mace ta iya ɗaukar ciki wata tara. Rahama aka yi mana, mu kuma muka mayar da wurin buhu, tunda yana buɗewa sai mu yi ta dannawa.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga abin da zan faɗa, sai dai bai tsaya ya duba ba. Naman kwiɓi ba guda ba ne, shimfiɗa uku ne, ɗaya a kan ɗaya. Haka namu yake. Tsokar waje zarenta ya gangaro ne daga haƙarƙari zuwa gaba, kamar yadda kake zura hannu a aljihun wando. Ta tsakiya ta gitta ta, ta bi ɗaya hanyar, kamar saƙar tabarma. Ta can ciki kuwa kwance take, ta zagayo daga baya zuwa gaba kamar ɗamara, ita ce ke matse ciki ta riƙe ƙashin baya idan za ka ɗaga abu mai nauyi. Sai kuma miƙaƙƙun tsokoki biyu a gaba, dama da hagun cibiya, da suka taso daga ƙashin mara suka kama guringuntsin haƙarƙari na 5 da na 6 da na 7. Jijiyoyi ne suka gitta su, galibi guda uku, shi ne abin nan da samarinmu ke kira siks fak suna ɗaga riga suna ɗaukar hoto. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ma kana da shi, kitse ne ya binne shi." Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce.

Kuma waɗannan tsokoki ba don ado aka yi su ba. Ba ka tari sai da su, ba ka atishawa, ba ka dariya, ba ka nishi a bayi sai sun matsa. Mace a kan gwiwa da su take yunƙuri. Ladanin da kake ji da asuba daga Masallacin Shehu yana jan "Allahu Akbar" har ka ce numfashinsa ba zai ƙare ba, tsokar cikinsa ce ke tura iskar a hankali. Mahaddacin da ke karanta doguwar aya da numfashi ɗaya, haka. Ka tashi daga kwance, ka juya ka ɗauki buta, ka miƙe daga zaman tahiya, duk aikinsu ne. Shekara nawa suna yi maka hidima, ko sau ɗaya ka taɓa gode wa Allah a kansu? Ni dai ban taɓa ba.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne maganar numfashi. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata faffaɗar tsoka kamar rumfa. Idan za ka shaƙi iska sai ta sauka ƙasa, ta tura kayan ciki, cikin ya ɗan turo gaba, huhu ya samu wurin buɗewa. Shi kuwa tumbi a ƙarƙashinta yake zaune, ta ɓangaren hagu. To idan ka cika shi fam da tuwo da fura, ina za ta sauka? Shi ya sa mai ƙoshi yake haki alhali bai yi gudu ba. Nan take hadisin da muka haddace tun muna makarantar allo ya faɗo mini, wanda Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba: sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Na sha faɗa wa yarana wannan hadisi. Daren jiya na cinye sulusin numfashin nan tas, sannan na je na tsaya gaban Ubangijina ina haki.

A farkon hadisin kuma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi 'yan lomomi da za su miƙe wa ɗan Adam bayansa sun ishe shi. Miƙe baya. Mu kuwa muna ci har bayan ya lanƙwashe. Tumbi ya yi gaba, ya ja ƙugu, tsokar da ya kamata ta tallafi ƙashin baya ta saki, sai ka ji magidanci bai kai hamsin ba yana kukan ciwon baya, yana neman kujera a masallaci. Ban ce duk mai salla a kujera haka yake ba, wallahi akwai masu lalura ta gaskiya, Allah Ya ba su lafiya. Da kaina nake, da irina.

Mu daina yaudarar juna, 'yan uwa. A garin nan idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce "Alhaji, an fara jin daɗi," a shafa a yi dariya. Wanda bai da shi a ce matarsa ba ta iya girki ba. Alhali tumbin nan mai tauri kamar ganga, mafi yawansa kitse ne da ya taru can bayan tsoka, ya kewaye hanji da hanta, kuma shi ne likitoci suka fi tsoro saboda alaƙarsa da ciwon suga da hawan jini. Akwai wani farin layi na jijiya da ya haɗa tsokokin dama da na hagu, daga ƙarshen ƙirji ya bi ta cibiya har mara. Yawan turowar ciki yana miƙar da shi har tsokokin su rabu. Mata suna samun haka saboda juna biyu, su uzurinsu a fili yake, ladansu yana wurin Allah. Kai da ba ka ɗauki cikin kowa ba, mene ne naka uzurin? Wani har cibiyarsa ta ɓullo, ƙaba ta fito, ya yi ta ɓoyewa a cikin babbar riga don kunya. Don Allah mai irin wannan ya je asibiti, idan hanji ya maƙale a wurin ba a jiran gobe.

Kuma ba ƙafa muke takawa ba. Masallaci na bayan gida sai an hau kabu-kabu. Muna fakewa da zafin Sakkwato, to da asuba fa, ko bayan Isha'i? Kakanninmu a wannan ranar suka yi noma, suka ja guga, suka taka zuwa Wurno da ƙafa. Ranar Handaƙu Annabinmu dutse ya ɗaura a cikinsa saboda yunwa. Mu yanzu mazagin wando muke sassautawa a gaban kwano, kuma a layinmu akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Abin da na tura wa cikina jiya bayan na ƙoshi ya ishi yaro biyu su kwana da ƙoshi. Wannan ya fi nishin da na yi a sahu ci mini rai.

Ƙanena ya ɗauko zare ya auna tsawona, ya lanƙwasa shi gida biyu, ya ce in zagaya cikina da shi daidai saitin cibiya. Ya ce ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce kada kewayen cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa. Zaren bai haɗu ba. Ya rage kusan tafin hannu. Ya kuma ce kada in yaudari kaina da motsa ciki sau ashirin da safe, wannan yana ƙarfafa tsoka amma ba ya narkar da kitsen wurin, sai an rage loma an ƙara tafiya.

Ku gwada zaren nan yau, don Allah, ko a ɗaki ku kaɗai. Ɗan uwa, ka ɗaga hannu daga kwano tun kana marmarinsa. Uwargida, idan ya ce ya ƙoshi kada ki ce ya raina girkinki. Ni kuma jibi akwai walimar suna a gidan maƙwabcina, na riga na ji ƙamshin soye-soye ta katanga. Ku sa ni a addu'a.